Giwar da Surukata Ta Ɗinka

A duk faɗin Makka, daga Zahir har Rusaifa, har ka miƙe hanyar Jidda man motarka ya ƙare, ba a taɓa yin mutumin da uwar matarsa ta so kamar yadda tawa ta so ni ba. Na faɗi haka a ranar farko ta zaman makokinta, ina tsaye a layin masu karɓar gaisuwa tsakanin 'ya'yanta maza biyu. Na faɗa da Hausa, na maimaita da Larabci don kada wani ya tashi bai amfana ba. Babban ya dubi ƙaramin. Ƙaramin ya dubi takalminsa. Sai wani dattijo Ba'indiye, maƙwabcinta tun kafin a haife ni, ya kama hannuna da hannuwansa biyu.

"Allah ya girmama ladanka," ya ce. "Kai ne Rediyo?"

Na ce ni ne mijin 'yarta marigayiya.

"Eh, shi nake nufi."

Ashe shekara goma sha huɗu sunana ke nan a gidan, ni kaɗai ne ban sani ba. Na Allah ne mu, gare shi za mu koma, amma wani kafin ya koma sai ya ji abin da ake kiransa a bayan idonsa.

An jera kujeru a titi kamar yadda ake yi a nan, an ja igiyoyin fitila, ana zagayawa da gahawa da dabino daga magariba zuwa isha'i, kwana uku. Indiyawan Makka sun zo, waɗanda kakanninsu suka sauka daga jirgin ruwa suka manta hanyar komawa. Namu Hausawan sun zo, waɗanda kakanninmu suka iso a ƙafa, su ma suka manta. Larabawan unguwa sun zo. Amma abin da ya ɗaure wa 'ya'yanta kai shi ne waɗanda suka cika benen mata: matan lungunan Rusaifa, masu ƙosai, masu gyaɗa, masu aikin shara a Arfa lokacin Hajji, waɗansunsu ko takardar zama ba su da ita, ba sa yin nisa da gida sai dole. Mota guda suka cika suka zo Zahir, suna kuka da Hausa a kan tsohuwar da Hausarta duka ba ta cika cokali ba. Babban ɗan ya ja ni gefe ya ce, "Su waye waɗannan? A ina suka san mahaifiyarmu?" Na ce labarin da tsawo. Ya ce tunda ni ne zan ba da shi, bai yi shakkar tsawonsa ba, a bari sai an tashi daga makoki.

Duk wanda kuma ya gama yi min gaisuwa, in dai ya san gidanmu, sai ya rage murya ya ƙara tambaya ɗaya: "Yarinyar fa? Ta yi magana?"

Ba ta yi ba. 'Yata ta fari, shekararta goma sha biyu, tun da aka fita da gawar kakarta ba ta ce uffan ba. Tana ci, tana salla, in an kira ta ta zo, amma baki a rufe. Abin da ya sa kowa ke tambaya shi ne ta taɓa yin haka tana shekara shida, ta yi wata bakwai cur. Wadda ta buɗe bakin a wancan karon ita ce muka kai maƙabarta. Don haka nake wannan rubutu, a san wace ce muka rasa, a kuma san irin tsoron da ke cikina ina tsaye a layin nan ina cika baki.

Jikokinta Nani suke ce mata, wato kaka ta wajen uwa a yarensu, har mu manya muka bi. Daga Haidarabad ta zo tana amarya, ita da mijinta tela da wani keken ɗinki na hannu wanda ya girme ni, ya kuma fi ni lafiyar gwiwa. Gajera ce, in ta tsaya kusa da ni sai na neme ta. Larabcin kasuwa take yi, in ranta ya ɓaci ta koma Urdu. Hausarta kuwa a bakin masu kawo ɗinki ta tsince ta, magana huɗu ce: zauna, ci, ƙara, yi shiru. Ukun farko na kowa ne. Ta huɗun tawa ce.

Ni direban bas ɗin alhazai ne, kuma kafin in nemi 'yarta duk abin da na sani game da Indiya a finafinai na gan shi. Na shiga gidan ina tsammanin wani zai ɓullo daga bayan labule da waƙa. Sai na tarar da mace da tef ɗin awo a wuya. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ba ta ko taɓa tef ɗin ba, ta ce wa mijinta ya bar taki biyu a cikin rigar ango saboda gaba. Na cika su kafin a yaye 'yata. Ranar ta zuba min shinkafa da wani jan abu a gefe. Loma ɗaya na yi na hango kakan babana da ya rasu a hanyar Sudan yana ɗaga min hannu. Na ce da ɗan yaji. Ta ce, "Babu yaji. Ƙara."

Da aka haifi yarinyar, ita da mahaifiyata suka buɗe yaƙi a kan kai ɗaya. Inna a Makka aka haife ta, amma Bakanuwa ce har ɓargo, a wurinta 'ya mace ba kitso ba a fita da ita. Nani kuwa ta yi imani kan da bai sha man kwakwa ba ba zai riƙe karatu ba. Ran Alhamis Inna ta zauna ta rangaɗa shuku. Ran Asabar Nani ta tsefe shi tas, ta shafe da mai, ta yi jela biyu. Ran Alhamis Inna ta ce an mai da mata jika soyayyen kifi. Shekara uku ana haka ba su taɓa ɗaga wa juna murya ba, kowacce ni take aika da saƙo, ni kuma ina ƙara gishiri a hanya don kada saƙon ya isa salam. A ƙarshe suka gano ni suka shirya: Nani ta shafa, Inna ta kitsa, ɗan aike a sallame shi.

Sai matata ta kwanta. Bayan Hajji ne, na dawo daga kwanakin Arfa da Mina a gajiye, kafin watan ya ƙare muka yi mata salla a Harami. A nan ba ni da abin dariyar da zan faɗa.

Kuskuren da na yi, da kyakkyawar niyya na yi shi. A wurinmu in mutum ya rasu ana gaggauta fitar da tufafinsa sadaka, ladan ya iske shi, idon na gida kuma ya huta. Rana ta takwas, yarinyar tana gidan ƙanwata, na buɗe kabad na kwashe komai: dogayen riguna, gyaluluwa, har kayan da take sawa in ana biki a danginsu. Ban tambayi kowa ba. Na kai wa Inna, ita kuma ta raba wa matan lungunanmu da ta san suna buƙata. Na ce a raina na kare yarinyar daga gani. Ta dawo da la'asar, ta wuce ɗakin uwarta kai tsaye, ta buɗe kabad. Ashe tun ranar jana'iza kullum takan shiga ciki ta zauna tsakanin rigunan, ta ja ƙofa. Ni ban sani ba. Ta tsaya tana kallon maratayan kaya suna lilo. Ta rufe a hankali. Daga nan ba a ƙara jin muryarta ba.

Likita ya duba ya ce maƙogwaro lafiya lau. Malami ya yi tofi a ruwan Zamzam. Ni na yi mata kwaikwayon alhajin da ya ɓata a Mina, wanda ya taɓa sa ɗan sanda zama a ƙasa don dariya. Sai ta dube ni kamar ni ne abin tausayin.

Da Nani ta zo ta buɗe kabad ɗin nan, ta ce, "Ina kayan?" Na yi bayani. Ta yi min Urdu mai tsawo, ban ji ko kalma ba amma na fahimci duka. Ashe a ƙasarsu ba a fitar da tsofaffin tufafin uwa gaba ɗaya. Ana shimfiɗa su a kan juna a ɗinke su bargo, yaro ya riƙa kwana cikin ƙamshin uwarsa. Har zaren ta riga ta saya. Ta ce a dawo da su.

Inna ta ce, "Hajiya, an riga an ba Allah. Ba a komawa a karɓi sadaka, ke ma kin sani."

Ta sani. Ta zauna. Suka sha shayi kofi uku-uku, ni ina bakin ƙofa ina ƙoƙarin zama ƙarami, abin da jikina bai taɓa yarda da shi ba. Can Nani ta ajiye kofi.

"Matan da kika ba, dogaye ne?"

Inna ta yi tunani. "Ba kamar 'yarki ba."

"To rigunan sun yi musu tsawo."

Matata doguwa ce, tsayin ubanta ta ɗauko. Kuma ko'ina a duniya, in tela ya rage tsawon riga, ƙyallen da ya faɗi ƙasa nasa ne, ba a taɓa kai ƙara a kansa ba.

Haka muka shiga lunguna. Inna jagora kuma tafinta, Nani tela, ni jaki. Gida goma sha ɗaya. Wanda ya san Makka ya san talakanta a kan dutse yake zaune, kuma duk gidan da muka nufa sai ya zama shi ne na ƙarshe a saman matakala. Keken yana kafaɗata, kullum yana ƙara nauyin buhun shinkafa guda. Nani ba ta yi min magana ko sau ɗaya ba. In tana son in tsaya, sai ta ce wa Inna, "Ki gaya wa ɗanki."

Ni a waje nake zama, amma ƙofofin can ba sa riƙe sirri. Inna ta yi sallama ta ce, "Mun zo duba rigar nan ne, ko ta yi miki daidai." Matar gida ta ce, "Ta yi, Allah ya ji ƙan mai ita." Sai Nani ta sa a saka, ta duƙa ta kama bakin rigar ta ce, "Tana jan ƙasa. Za ki faɗi." Ta yanke taki ɗaya, ta yi kalmasa wadda ta fi ta da kyau, ta sa ƙyallen a jaka. Tunda kuma keke ya riga ya hau dutse, sai a fito da kayan makarantar yara da suka yage, da labule, da zif ɗin da ya shekara a mace. Gidan da muka shiga don taki ɗaya sai mu fito bayan awa uku, an cika mu da ƙosai.

A gida na tara muka haɗu da wata 'yar Damagaram wadda sai ta sunkuya take shiga ɗakinta. Rigar ko idon sawunta ba ta kai ba. Nani ta zagaya ta sau biyu, ta ce wa Inna, "Ta yi mata tsawo."

Inna ta ƙi fassarawa. "Hajiya, ga Harami can muna hango hasumiyarsa. Wannan kam ba da bakina ba."

Matar ta gane akwai magana, ta tambaya. Inna ta gaya mata gaskiya: marainiya, kabad, shiru. Na ji ta ce, "Haba Inna, ai sai ku ce tun farko," ta fara cire rigar. Nani ta hana ta. Ta yanke takinta ɗaya, ta zaro wani yadi mai fure daga jakarta ta jona taki uku a madadinsa. A tarihin ɗinki, ita ce mace ta farko da aka rage wa riga ta ƙara tsawo.

Waɗannan matan ne suka cika benen makoki.

Ƙyallen da muka tara bai isa bargo ba, ko na kyanwa. Sai Nani ta ce littafi za a yi. Kullum bayan la'asar ta zo gidanmu, ta zaunar da yarinyar tsakanin ƙafafunta, tana shafa mata mai tana ba da labari. In an gama shafawa sai a jawo keke a ɗinka abin da aka faɗa. Babu harafi ko ɗaya a ciki, ƙyalle ne a kan ƙyalle, shafi ɗaya yakan ci sati biyu.

Labarin wata 'yar giwa ne. Uwarta ta haye wani babban kogi ba ta dawo ba, ita kuma ta tsinci kanta a garin raƙuma. Raƙuman da tawul ɗin ihrami aka yi su, irin wanda alhazai ke mantawa a bas ɗina; saboda haka in an tashi ambaton waɗanda suka wallafa littafin nan a tuna da ni, raƙuman duka nawa ne. Raƙuma suka yi ta yi wa hancinta dariya, har ta naɗe shi ta ɓoye, ta ɗaura matashi a baya wai tozo. Da ta kai wa danginta giwaye ziyara, su kuma suka ce tafiyar raƙumi take yi. Nani ta san abin da take ɗinkawa. Yaran unguwarmu Hindiyya suke ce wa yarinyar, 'ya'yan kawunnanta kuma Takruniyya, sunan da ake kiran irinmu da shi a nan. A labarin sai aka yi fari. Rijiyar da ta rage tana da nisan da giwa ba za ta iya takawa ba, da zurfin da wuyan raƙumi ba zai kai ba. 'Yar giwar nan ta taka da tafiyar raƙuminta, ta warware hancinta ta zura, ta shayar da gari biyu.

Yarinyar tana riƙe almakashi, tana zura zare a allura, tana kallo. Ba magana.

Shafin kogin, wanda ya kamata ya zama na farko, Nani ta bar shi sai ƙarshe. A wata na bakwai ta zazzage jakar, ta ɗauki wani koren ƙyalle ta ce, "Ga kogi," ta buɗe almakashi. Ina soro a lokacin, na shigo da tukunyar gas a kafaɗa.

"Ba wannan ba."

Muryar yarinyar ta fito a shaƙe kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Wannan ta sallar Idi ce. Shuɗiyar ce kogi. Ita Mama take sawa in za ta yi min wanka."

Na leƙa. Nani ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "To miƙo."

Ta miƙa. Sannan ta ɗauki wani ta ce wannan ita Mama ta sa ranar da muka je Ɗa'ifa Baba ya ɓatar da mu. Wannan dutsen guga ya ƙona ta, Mama ta ce kada a gaya wa Nani. Ɗaya bayan ɗaya, rigunan uwarta duka, har rana ta yi ja. Ni ina tsaye da gas a kafaɗa ban sauke ba, ina tsoron ƙarar ajiyewa ta katse ta. Kafaɗar nan har yau in za a yi sanyi ita ke fara gaya min. Nani ta fito ta same ni fuska sharkaf, ta dube ni, ta yi min maganar farko cikin wata bakwai: "Zaren shuɗi ya ƙare. Yi sauri kafin a rufe shago don salla."

Daga baya na tambaye ta ko da gangan ta ɗauki koren. Ta ba ni amsa da Hausa, maganar nan ta huɗu.

Bayan shekara biyu ita ce ta je wurin Inna ta ce a yi min aure, wai rigunana sun fara fita ba guga, kuma an ji ina yi wa firji hira. Uwar marigayiya ce fa ke faɗin haka. Aka samu 'yar ƙawar Inna, malama a makarantar 'yan mata. Da yarinyar ta ji, na ga idonta ya fara komawa irin na da. Nani ta jawo keke ta ƙara shafi: wata taguwa, wato macen raƙumi, tana tafiya gefen 'yar giwa.

Yarinyar ta ce, "Sabuwar uwarta ce?"

"Giwa uwarta giwa ce, ɗaya ce, tana ƙetaren kogi. Wannan taguwa ce. Tana da kirki, ta san hanya, amma ba ta iya shafa mai ba. Sai kin koya mata."

Ranar da amarya ta tare, kafin a nuna mata madafa aka zaunar da ita aka miƙa mata kwalbar man kwakwa, 'yar shekara takwas tana zaune a gabanta tana cewa, "Ba haka ba, Anti, daga tsakiya ake farawa," Nani kuma a gefe tana kallo ta saman tabarau. Matata ta ce duk jarrabawar da ta zauna a duniya babu wadda ta sa ta gumi kamar wannan. Da ta haihu, Nani ce ta ɗinka rigar farko, ta ce jikarta ce, kuma ba a samu mai ƙarfin halin musu ba. Yau autar tawa shekararta uku, babu ɗigon jinin Indiya a jikinta, tana lasar jan abin nan da cokali, in za ta ce "to" sai ta kaɗa kai hagu da dama.

Nani ta rasu da hantsi, a zaune gaban kekenta. Ta ce a ɗora mata shayi, kafin ya tafasa ta tafi. Aka yi mata salla a Harami bayan la'asar. Allah ya ji ƙanta, ya yalwata mata makwanci, ya haɗa ta da 'yarta da mijinta inda babu rabuwa, ya sa duk kalmasar da ta yi a saman dutse ta same ta a mizani.

Kwana ɗaya, kwana biyu, yarinyar shiru. A rana ta uku bayan magariba ina cikin layi wayata ta yi ƙara. Matata ce daga benen mata. Ta ce a hankali, "Kada ka yi magana. Saurara kawai." Ban taɓa samun umarni mai wuya kamar wannan ba.

Abin da ya faru, autar ce ta dami kowa da "Ina Nani?" Manya suna ce mata ta yi tafiya. Sai ta ɗauko takalminta ta tsaya bakin ƙofa wai za ta bi ta, aka hana, ta fasa kuka. Yayarta ta tashi daga lungun da ta kwana uku a ciki, ta ɗauko kwalbar mai a kan tagar Nani, ta jawo ta tsakanin ƙafafunta. A nan matata ta kira ni. Na ji muryar 'yata tar, ta ce, "Zauna."

Ta ce tsohuwar giwa ce ta gaji. Ta daɗe tana shayar da gari, kuma 'yarta tana can ƙetaren kogi tana jiranta shekara shida, ba wanda ke shafa mata mai. Sai tsohuwar ta duba ta ga 'yar giwa ta iya hanyar rijiya, taguwa ta iya shafa mai, ƙaramar raƙuma ta iya cin yaji. Ta ce to aikina ya ƙare, ta shiga ruwa.

Autar ta ce, "Za ta dawo?"

"A'a. Mu ne za mu je."

"Gobe?"

"Sai mun tsufa. Kuma sai kin gama makaranta."

Da Larabci take ba da labarin, amma raƙuma da Hausa suke magana, giwaye da Urdu. A benen nan da ke cike da mata, 'ya'yan kawunnanta sun zagaye ta. An ce 'yar Damagaram har ta ɗaga hannu za ta rangaɗa guɗa, Inna ta daka mata harara ta haɗiye. Ni kuwa ina ƙasa waya a kunne, hawaye na zuba, haƙora talatin da biyu a waje, mutane suna miƙo hannu suna cewa in yi haƙuri, ina ce musu madalla, madalla. Babban ɗan ya ce ko a kai ni in kwanta. Na sa masa wayar a kunne. Shi aka kai ya zauna.

Da aka tashi 'yata ta sauko ta same ni, ta ce, "Baba, gobe su Kawu za su fitar da kayan Nani sadaka. Ina son taki ɗaya. Zan yi shafinta."

Na ce taki ɗaya? Kabad ɗin zan ɗauko miki a kaina.

Da sassafe na isa Zahir. Matan da suka kwana a gidan suna ƙasa suna karin kumallo, kawunnan sun tafi neman kwalaye. Na haye bene kamar saurayi. Nani tun rasuwar mijinta fari take sawa, ina shiga kuwa na ga farin mayafi a ninke a kan gadonta, mai aikin allura a baki, yana ƙamshin turare. Na zaro almakashinta daga aljihun keke. Taki ɗaya aka ce, amma ni ba marowaci ba ne; na yanko abin da zai isa giwa da kogi da rabin garin raƙuma. Abin da na manta shi ne, a Makka matan gidan makoki duka fari suke sawa, kuma wadda ta kwana uku a kan gadon nan don kada ya zauna babu kowa ita ce abokiyar yaƙinta, Inna.

Na sauko ina ɗaga ƙyallen sama kamar tuta. 'Yata ta dube shi, ta dube ni.

"Baba, Kawu ya riga ya ba ni tun jiya bayan ka tafi."

Inna tana zaune a kan darduma da ɗankwali kawai, kofi a hannu. Ta daɗe tana kallon aikin allurar nan.

"Daga ina ka yanko wannan?"

"Mayafin marigayiya ne, Inna. A kan gado na same shi."

Ta kurɓi shayi, ta gyaɗa kai.

"To, Allah ya ji ƙaina. Amma ka bari in ƙarasa shayin nan kafin ka kai ni Harami."